Fadamar gonarmu ta daina riƙe ruwa: rami za mu haƙa ko akwai wata hanya?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙasa da ruwa a wannan zaure.

Gona ce ta gado, hekta shida, a arewacin jihar Kano. Gabashinta tudu ne mai jigawa, yammacinta kuma kwari ne da ya kai hekta ɗaya da rabi, baƙar ƙasa mai danƙo. A da kwarin nan fadama ce sosai. Ruwa kan kwanta tun Agusta har cikin sanyi, a yi shinkafa a baki-baki, in ya fara janyewa a bi shi da wake da kabewa. Yanzu kwazazzabo ya ratsa tsakiyarsa, tsawon mita 300, faɗin mita huɗu, zurfinsa a wasu wurare ya kai ƙirjin mutum. Ko kwana aka yi ana ruwa, bayan kwana biyu sai tsagaggiyar ƙasa. Tiyubwel ɗin da ake samun ruwa a mita huɗu yanzu sai a takwas, a watan Maris ma da ƙyar inji ke ja. Gonakin da ruwansu ke gangarowa kanmu za su kai hekta ashirin.

An ba mu shawarar mu ɗauko katafila ta haƙa mana rami mita 30 tsawo, 30 faɗi, zurfi mita huɗu, wai shi zai tara ruwan. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma na ’yan’uwa ne aka haɗa. Shin ramin zai dawo da fadamar? In ba zai dawo da ita ba, daga ina ake farawa? Sannan akwai masu tsoratar da mu da ciyawar kachalla, suna cewa da ruwa ya zauna ita za ta gaje wurin.

Mai Awon Ƙasa:

Wa alaikumus salam. Malam, ku dakata da katafilar nan tukuna, don Allah.

Abu biyu ne ke mai da wuri fadama: ruwa ya samu fili ya bazu ya kwanta, sannan a samu shimfiɗar yumɓu a ƙasa da za ta hana shi zurarewa da sauri. Ku ba ruwa kuka rasa ba. In aka ɗauka damina na ba ku milimita 700, hekta ashirin ɗin da ke samanku na karɓar kubik mita 140,000 a shekara. Ko kashi goma cikin ɗari kawai ya gangaro, kubik mita 14,000 ke nan, ya isa ya rufe kwarinku gaba ɗaya har kusan ƙugu. Ruwan na zuwa, kwazazzabon ne ke kwashe shi. Kuma ɓarnarsa ba ta tsaya ga ruwan sama ba: danshin da ke cikin ƙasar gefe da gefe ma cikinsa yake tsiyayewa, tun da gindinsa ya fi ko’ina zurfi. Tukunya ce aka huda a gindi.

Ga hatsarin ramin. A fadamomi da yawa na ƙasar nan kaurin yumɓun bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, a ƙarƙashinsa yashi ne, wanda tiyubwel ke shan ruwa daga cikinsa. Rami mai zurfin mita huɗu zai fasa yumɓun ya faɗa yashi. Daga nan ba tafki kuka yi ba, rariya kuka yi, kuma like ta ya fi haƙa ta tsada.

Saboda haka aikin farko shi ne sanin abin da ke ƙarƙashinku. A watan Maris ko Afrilu ku haƙa ramuka huɗu a wurare daban-daban na kwarin, kowanne kamar bakin ƙaramar rijiya, har zurfin mita biyu. Ku rubuta inda baƙar ƙasa ta ƙare da inda yashi ya fara. Daga kowane rabin mita a ɗebi ƙasa a jiƙa, a mulmula, a murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta miƙe kamar zare mai faɗi har santimita biyar ba ta karye ba, yumɓunta ya isa riƙe ruwa. In ta wargaje tun kafin santimita biyu, yashi ya rinjaya. Sai a haƙa wani gajeren rami, rabin mita, a cika shi da ruwa a bar ƙasa ta sha yini da kwana, a sake cikawa, a rufe bakinsa da kwano saboda rana, a auna da sanda washegari. Saukar santimita biyu ko uku alama ce mai kyau. In ya sauka fiye da goma, wannan gefen ba zai riƙe ruwa ba. Da an gama a mayar da yumɓu cikin ramukan a daddaɓe sosai, kada ramin gwaji ya zama shi ne hudar.

Na biyu awon gangara, kuma ba sai da na’ura ba. Tiyo mai haske irin na magina, mita ashirin, a cika shi da ruwa a fitar da iskar ciki, a ɗaura bakinsa biyu a sanduna biyu masu alamar santimita. Bambancin tsayin ruwa a sandunan shi ne bambancin tsayin ƙasa. Da shi za ku san faɗuwar kwazazzabon, da shi kuma za ku kafa turaku a layin da ruwa zai tsaya in an tare shi. Wannan layin ne zai nuna muku ko ruwan zai shiga gonar maƙwabci.

Na uku, a fara daga sama. Wanda ya tare ƙarshen kwazazzabo ya bar kansa ya kashe maciji bai sare kai ba, domin kan ne ke ci gaba da cin ƙasa yana hawa tudu kowace damina. A sassabe kan ya zama gangara mai sauƙi, a shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu a kai. Sannan a bi cikin kwazazzabon da ƙananan shingayen dutse. Ƙa’idar tazara ita ce saman shingen ƙasa ya yi daidai da gindin shingen da ke samansa. In faɗuwar mita biyu ce a kowane mita ɗari, shingen kuma santimita 60 ne, tazarar mita 30 ce, wato shinge goma a tsawon naku. In faɗuwar mita ɗaya ce, biyar sun isa.

Kowane shinge a yi masa tushe na santimita 30 a ƙasa, a kuma cusa shi cikin bangon kwazazzabon mita ɗaya ta kowane gefe. Gindi mita ɗaya da rabi, sama rabin mita. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa da santimita 20 zuwa 30, domin ruwa ya bi ta tsakiya. A gabansa, inda ruwa zai faɗo, a shimfiɗa dutse tsawon mita ɗaya da rabi. Dutsen shinge ɗaya zai kai kubik mita takwas. Shingen da ya rushe, in ka bincika, ɗayan uku ne: ba a cusa shi cikin bango ba ruwa ya zagaye shi, ko ba shimfiɗa a gaba ruwa ya rarake gindinsa, ko an yi shi da tsawo fiye da kima. Kada ku wuce santimita 60 a shekarar farko. In laka ta cika bayansa, badi a ƙara wani 40 a kai. A haka gindin kwazazzabon ke tasowa har ya koma daidai da fili. Inda dutse ke wuya, buhunan yashi da turakun itace na yin damina ɗaya ko biyu, kafin jemar da aka dasa a bayansu ta kama.

A tudun kuma a rage wa ruwa gudu tun kafin ya iso. Layin duwatsu bisa awon tiyo, tsayin santimita 25, tazarar mita 20 zuwa 30. Inda ƙasa ta zama faƙo a yi rami mai siffar rabin wata, faɗin mita huɗu, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, kimanin 300 a hekta, a zuba taki a ciki. ’Yan’uwanmu na Nijar sun yi nisa a wannan. A kwarin Keita da ke jihar Tawa an fara irin wannan aiki tun 1984, daga kan tsauni har zuwa kwari, kuma a kwaruruwan yankin akwai gajerun katangun da ake ginawa a gicciye domin su baza ruwan ambaliya a fili maimakon ya bi ƙorama ya wuce. Manufarsu ɗaya da taku: ruwa ya daɗe a kan ƙasa har ya nutse, rijiyoyi su taso.

Injiniya Mai Jinga:

Na yarda da duk abin da Malam Mai Awo ya faɗa, sai dai shingayen dutse kaɗai za su ɗauki damina uku ko huɗu kafin a ga ruwa ya kwanta kamar da. Mutanen da suka haɗa kuɗi za su so ganin wani abu kafin nan. Abin da zai ba su wannan shi ne gajeriyar jinga a ƙarshen kwarin, inda ya fi tsukewa.

Ku duba lissafin. Rami, kowane kubik mita na ƙasa da aka fitar kubik mita ɗaya na ruwa yake riƙewa. Naku mai 30 da 30 da huɗu ba zai wuce 3,600 ba, ko da bai yoyo. Jinga kuwa mai tsayin mita 1.2 da tsawon mita 80 ba za ta ci ƙasar da ta wuce kubik mita 500 ba, amma za ta shimfiɗa ruwa a hekta ɗaya da rabi, wanda in matsakaicin zurfinsa santimita 40 ne ya kai kubik mita 6,000. Kuma ruwan da ya bazu shi ne ke jiƙa ƙasar noma. Na cikin rami sai an sa inji an ɗago shi.

Yadda ake gina ta. A share layin jingar, a kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwa, santimita 20, a tara ta gefe. Kada a gina a kan ciyawa, domin in ta ruɓe ta bar hanyar ruwa. A tsakiyar layin a haƙa kwata mai faɗin mita ɗaya, zurfin santimita 60 ko har sai an shiga yumɓu mai kyau, a cika ta da yumɓu. Wannan kwatar ce ke hana ruwa bi ta ƙarƙashi, kuma ita ce ’yan kwangila suka fi tsallakewa tun da ba a ganinta in an gama. A inda jingar ta haye kwazazzabon a yanka bangonsa hawa-hawa kamar matakala, domin sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa.

Sai a riƙa zuba ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kada ta wuce santimita 15, a daɓe kafin a ƙara wata. Danshin da ake so shi ne wanda in ka dunƙula ƙasar ta tsaya, in ka matsa ba ta fitar da ruwa ba. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa komai dukan da aka yi mata, shi ya sa Nuwamba da Disamba suka fi Afrilu dacewa da wannan aikin, yumɓu na da sauran laima. Faɗin sama mita biyu. Gefen ruwa a kwantar da shi, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku a ƙasa, gefen baya kuma mita biyu. Gindin zai zama mita takwas ke nan. A ƙara kashi goma cikin ɗari a tsayi saboda za ta zauna. Ƙasar ginin a ɗebo ta daga cikin kwarin, amma nesa da gindin jingar da aƙalla mita goma, kuma a kankare ta sama-sama, kada a yi zurfin da zai kusanci yashi. Daga ƙarshe a mayar da ƙasar saman nan a kai a dasa ciyawa.

Ruwan kada ya wuce santimita 70 a bakin jingar. Sauran 50 ɗin ba ɓarnar ƙasa ba ce, ta ranar babban ruwa ce.

Yanzu mafita, wadda ita ce ran aikin. Jingar ƙasa ba ta jure ruwa ya haye kanta, cikin sa’a guda zai yanka ta. A ce an yi ruwan milimita 60 cikin sa’a ɗaya a hekta ashirin, ƙasa ta riga ta ƙoshi, kashi talatin ya gangaro. Kubik mita 3,600 ke nan, kusan kubik mita ɗaya kowace daƙiƙa. Don wannan ya wuce da kaurin santimita 25 ana bukatar mafita mai faɗin mita biyar, ni zan ce ku yi shida. A yanka ta a ƙasar asali a ƙarshen jingar, ba a jikin ƙasar da aka zuba ba. Bakinta ya zama a miƙe daidai bisa awon tiyo, in ya karkace ruwa zai taru gefe ɗaya ya haƙa. A shimfiɗa mata dutse, a kai ruwan har inda zai koma tsohuwar hanyarsa nesa da gindin jingar.

Sannan bututu. Kafin a fara zuba ƙasa a kwantar da bututun roba mai kauri na inci shida a gindin jingar, a zuba masa zoben siminti biyu a jiki domin ruwa kada ya bi gefensa ya rarake. A bakinsa na waje a sa gwiwa da guntun bututu a tsaye, kada a manne gwiwar da gam. In aka miƙar da shi ruwa ya tsaya, in aka karkata shi ruwa ya sauka zuwa tsayin bakinsa, in aka kwantar da shi wurin ya tsiyaye ƙaf. A bakin ciki a sa raga saboda shara. Jingar da ba ta da wannan bututun, ruwan ne ke iko da mai gona.

Kada a dasa itace ko ɗaya a jikin jinga. Saiwa in ta mutu ta bar rami. A riƙa zagaya ta ana duba ramin gafiya da shurin gara kafin damina.

Game da rami: in gwaji ya nuna yumɓun ya kai mita biyu, babu laifi a zurfafa ɗan wuri, kamar mita 15 da 15, zurfin mita ɗaya, a bar aƙalla rabin mita na yumɓu a ƙarƙashi, bakinsa a kwance saboda yara da dabbobi. Nan kifi zai fake in ruwa ya ja.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya. Lissafin nan ya buɗe mana ido. Amma in ruwan santimita 70 ne kawai, yaushe zai ƙafe? Wasu daga cikinmu na son ya kai har bazara saboda lambu. Ba za a ƙara wa jingar tsayi ba?

Uwar Lambu:

Malam, ƙafewar nan da kuke gudu ita ce maganin abin da kuka ce kuna tsoro.

Da rani rana da iska na shan milimita shida zuwa bakwai a kullum daga ruwan da ke fili, ƙasa kuma ta sha nata. A dunƙule santimita ɗaya a yini. In damina ta ɗauke ƙarshen Satumba wurin na cike, santimita 70 zai kai ku cikin Disamba. Wanda ya nutse bai ɓata ba, shi ne zai taso muku da ruwan tiyubwel, kuma lambun bazara daga can ya kamata ya sha. Injin ban ruwa irin na fadama ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, shi ya sa naku ke wahala a Maris. Ko mita biyu ruwan ya taso, matsalar ta kau. Ku riƙa zura igiya mai alama a tiyubwel ɗin farkon kowane wata kuna rubutawa, da shi za ku san ko aikin na ci.

Kachalla kuwa abin da take so shi ne ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa duk shekara. Dausayin Haɗeja da Nguru ya isa misali. A da kogi kan yi ambaliya da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan har da rani. Kachalla ta samu abin da take nema, ta toshe rassan kogi, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa wasu kuma ya daina kai musu. Jan-baki ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa yana cin hatsi. Wuri ne da duniya ta san darajarsa, tun 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, amma har yau ana fama da ciyawar nan da injuna da hannu. Duk wanda zai tare ruwa a gonarsa ya ɗauki darasi daga nan.

Don haka ku bar wurin ya bushe ƙarau aƙalla wata uku, daga Fabrairu zuwa Afrilu. In bai ƙafe da kansa ba a kwantar da bututun da Injiniya ya faɗa. Irin kachalla iska ke kawo shi, ba makawa zai zo. Shekarar farko da ta biyu ku riƙa zagayawa duk mako biyu kuna tuge ƙananan tun saiwarsu ba ta yi gudu ba. In ta riga ta kafu, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, santimita 15 zuwa 20 ƙasa da samansa, kafin ta fitar da kai. Ta ganye take kai wa saiwa iska, in kututturen ya nutse sai ya shaƙe. Sau biyu ko uku a damina ɗaya. Yankan da aka yi a saman ruwa aski ne kawai, ƙona ta kuma ba ya taɓa saiwar.

Kada ku bar tabo tsirara, domin fili ne take nema. Ku raba wurin gida-gida bisa zurfi. Can ciki, inda ya wuce rabin mita, a bar wa bado da kifi. Daga santimita 10 zuwa 30 shinkafa. Inda ruwa kan taso ya shanye shuka na ’yan kwanaki, FARO 66 da FARO 67 an fitar da su ne don jure nutsewa, sun fi FARO 44 a irin wannan wuri. Bakin da ruwa ke fara saki a Oktoba da Nuwamba a bi shi da wake, kankana, kabewa da kuɓewa, ana shuka layi-layi duk mako yadda ruwan ke ja, ba sai an yi ban ruwa ba.

Tsakanin gonar tudu da ruwan a bar ɗamarar ciyawa mai faɗin mita biyar zuwa goma, ba noma ba feshi. A bakinta na sama a dasa jema layi biyu, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, a watan Yuli da ƙasa ta jiƙu. A datse ganyen a bar santimita 20 kafin dasawa. Ita ke tace laka da taki. In babu ita, yashin tudu zai binne fadamar cikin ’yan shekaru, takin zamani kuma ya haifar da kainuwa da gansakuka.

Itatuwa a bayan ɗamarar: giyayya da bagaruwa na jure tsayuwar ruwa, kanya da ɓaure a ɗan sama. Turare kada ya matso kusa, yana da shan ruwa ƙwarai.

A sa ido kan kanwa. In aka fara ganin farin gari a saman ƙasa da rani, gishiri ne ke taruwa saboda ruwa na ƙafewa a wuri ɗaya ba ya fita. Maganinsa a bar bututun a kwance a ruwan farko da na biyu na damina su wanke ƙasar su fice, sannan a miƙar da shi.

Tsayin jinga kuma, ni ban ba da shawarar ƙarawa ba. Da ta wuce mita ɗaya da rabi ta zama ƙaramar madatsa, fashewarta na iya cin gida ko rai a ƙasa, kuma wannan sai da injiniya a wurin.

Malamin Gona:

Bayanin ya yi kyau, Hajiya. Zan ƙara ɓangaren mutane, domin jinga da yawa ba ruwa ne ya fasa su ba, fartanya ce cikin dare.

Kafin a sa hannu, a kira mai unguwa ko dagaci da duk wanda gonarsa ke taɓa kwarin, sama da ƙasa, a zagaya turakun layin ruwa tare. Na sama ya ga iyakar inda ruwa zai kai, na ƙasa ya ga mafita ya san ba a hana shi ruwa ba. Ga lissafin da aka yi ma, abin da zai wuce ya fi abin da za a tare. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. In akwai burtali ko tsohuwar mashaya kusa, a sa arɗo cikin zaman. Ruwan da ya kai Disamba dole shanu su nufo shi, gara a ware musu hanya da gefe guda tun farko, a zuba tsakuwa, nesa da jingar, tun da kofato na rusa ta. Wannan duka na ruwan da ke gangarowa daga gonaki ne. In ƙorama ce mai gudana da garuruwa ke sha, ba a tare ta sai da sanin ƙaramar hukuma da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama’are. Ku kuma leƙa ofishin KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar Kano, na yankinku ku tambayi ko shirin ACReSAL na aiki a wajenku, gyaran ƙasar da ta lalace na cikin abin da aka kafa shi dominsa.

Sai lafiya. Ruwan kwance na kawo sauro da tsargiya. Sauro ya fi hayayyafa a ƙananan kwatami da sawun shanu fiye da babban ruwa mai kifi, don haka a baje ƙasa kada a bar ramuka bayan aiki, a zuba karfasa da tarwaɗa in ruwa ya zauna. Tsargiya daga ƙananan katantanwar ruwa take, su kuma daga fitsarin mai cutar suke ɗauka. A hana fitsari da bahaya a bakin ruwan, a hana yara wanka, masu yankan ciyawa su sa takalmin roba. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, maganinta na nan. Kuma kada a wanke tankin feshi a ciki ko a jefa gwangwanin magani, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifin wurin.

Mai Awon Ƙasa:

Tun da kuɗin haɗaka ne, Malam, ga yadda zan jera shi. Daminar nan kada ku gina komai. Ranar da aka yi babban ruwa ku fita ku kafa turaku a inda ya kai, ku ga ta ina yake shigowa, sau da yawa ba ta inda ake zato ba ne. Ku kafa gandun jema a gefen tiyubwel, domin layi biyu na mita 200 zai ci tushe kusan 3,000. Da kaka a tara dutse. Janairu zuwa Afrilu a yi kan kwazazzabo da shingaye da layukan tudu, a yi ramukan gwaji. Jinga sai Nuwamban da ke biye, bayan shingayen sun ga damina ɗaya sun rage yashin da ke saukowa. In aka gina ta kafin su, yashin da ya kamata ya tsaya a sama a bayanta zai taru.

In kun yi ramukan, ku kawo mana zurfin da yashi ya fara a kowanne da faɗuwar kwazazzabon a mita ɗari, sai a gyara muku tazarar shingayen da wurin da jingar za ta zauna.